Lemon Tsamin Malam

Hauwa ta cafke hannun Prisca. "Maman Tobenna, kashe shi za ki yi?"

Prisca, maƙwabciyarta mai koyar da kimiyya a wata makaranta a Daurawa, ta dakata da tsinkar ganyen. Lemon tsamin na jingine da bango, tun da safe aka tono shi aka naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu. Malam, marigayi mijin Hauwa, shi ya dasa shi gab da rasuwarsa. Yanzu da soja suka miƙa mulki, mai gidan da take haya a Gyaɗi-Gyaɗi ya ci kansila, zai mai da shi ofishinsa. Darmanawa za ta koma, ta kuma rantse ba za ta bar itacen ba.

"Maman Safiya, ba ni zan kashe shi ba, ganyen nan ne."

"Ganye kuma?"

Prisca ba ta ja zancen ba. Ta samo farar leda, ta zura reshe guda a ciki, ta ɗaure bakin. Suka koma haɗa kwanuka. Ana kiran azahar Prisca ta ce, "Zo ki gani."

Cikin ledar ya yi gumi, ɗigo na bin ɗigo.

"Ruwan nan daga saiwa yake," in ji Prisca. "Yana hawa ta cikin itacen har ganye, ya fita ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani, iska ta kwashe. Fitarsa ce ke janyo wani daga ƙasa. To, an datse masa saiwa: sha kaɗan, zubarwa da yawa. A zafin nan bushewa zai yi."

Hauwa ta daɗe tana kallon ledar.

"Ikon Allah! Wato duk ruwan da Malam ya yi ta zuba masa, sama ya tafi?"

"Sama ya tafi. Amma sai da ya ratsa jikinsa tukuna."

Sai a lokacin Hauwa ta lura da yatsun matar, ƙaya ta yi musu kaca-kaca, ko tsaki ba ta yi ba. Kunya ta kama ta.

A waje direban a-kori-kurar da za ta kwashe kayan ya danna hon.

"A ce ya jira," in ji Hauwa. Ta ɗaure zane, ta yi bisimilla, ta kama reshen da ya fi kowanne cika.

Ta ce wa Prisca, "Ba ni wuri, ki huta. Nawa zan bar masa?"