Koren Labule

"Ɗaga ta su gani," in ji A-Can. "Bari ma, ni zan ɗaga."

Ya fizge rigar daga hannun mai guga, ya ware ta gaban mutanen da ke zaune a bencin ƙofar shago. Ga shatin dutsen guga nan a gadon bayanta, kamar an buga mata hatimi.

"Wuta aka kawo da ƙarfi, Yallaɓai," in ji mai guga. "Shekara uku ina maka aiki, ka taɓa ganin haka?"

"Wuta! A can, wanda ya yi wa riga haka ko tsumman goge ƙasa ba za a sake ba shi ba. Amma nan kowa gwani ne, kullum laifin na wuta ne."

Tela, wanda shagonsa ke jikin na mai guga, ya yi dariya har da buga cinya.

Unguwa ce ta raɗa masa A-Can, don ba ya haɗa magana biyu bai ce "a can" ba. Shekara ashirin da shida ya yi a ƙasar waje yana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ya dawo da akwati biyu da hawan jini, ba mata ba ɗa, ya tare a ɗakin saman gidan mahaifinsa, wanda tagarsa ke kallon shagon guga. A can mota ba ta makara. A can ba a watsa ruwan wanki a titi. A can ko kare ya san layi.

Mai guga ya ajiye dutsen, fuska ba annuri. "To me ya dawo da kai cikinmu, Yallaɓai? Kashin tsofaffin da kake kwashewa ne ya ƙare?"

Dariyar benci ta juya kan A-Can. Ya linke rigarsa a hankali, ya tsallaka titi ya hau bene.

Akwai abin da 'yan benci ba su sani ba. Satin da A-Can ya dawo, ya shigo shagon nan da rana tsaka, ba kowa, ya sassauta murya. Ya ce a can ya ga dattijon da ya yi sati biyar a mace a ɗakinsa, sai wari ne ya kira mutane. Ya ce abin da ya koro shi gida ke nan.

"Nan dai ba a mutuwa a ɓoye. Amma duk da haka, ƙanena, ka ga koren labulen can? Kullum ƙarfe takwas zan buɗe shi. Ranar da tara ta yi ka gan shi a rufe, kada ka yi sallama, ka hau kawai."

Ya damƙa masa makulli. Mai guga ya rataye shi a ƙusa bayan tebur. Tun daga ranar, takwas na bugawa labule zai zuge, A-Can ya ɗaga kofin shayi, mai guga ya ɗaga dutsen guga, kowa ya kama harkarsa.

Washegarin rigimar, takwas ta yi, labule a rufe. Tara ta yi, a rufe.

"Ina mutumin naka?" in ji tela. "Yau ba a karanta mana labaran duniya ba."

"Fushi yake. A bar shi ya huce."

Wajen azahar mai guga ya ga labulen ya motsa. Ba zugewa ya yi ba, ya dai miƙe ne kamar ana jansa daga ƙasa, sannan ya saki. Ya sake miƙewa, ya saki.

"Leƙena yake," mai guga ya ce a ransa. "Jira yake in hau in durƙusa masa."

Ya ja teburin gugarsa, ya juya shi ya fuskanci bango.

Kwana na biyu labule na nan a rufe, sai dai ya ɓalle daga zobe biyu na sandarsa, gefe guda ya zubo. Mai guga ya miƙe. Ya zare makullin daga ƙusa ya jefa a aljihu, har ya sa ƙafa a titi.

"Ina zuwa?" in ji tela, allura a baki. "Haƙuri za a je bayarwa? Ka tafi da tsumman goge ƙasar, ko zai yarda ka gwada a kai."

Benci ya ɗauka da dariya. Mai guga ya tsaya a bakin kwata kamar mai duba hadari, ya yi miƙa, ya dawo ya ɗauki dutsensa. Ranar sai da ya goge wando ɗaya sau uku.

Kwana na uku Asabar ce, ranar da ƙanwar A-Can ke zuwa daga wancan gefen gari ta share masa ɗaki. Ta hau, ta buga, ta kira. Ta sauko da sauri, takalmi ɗaya a hannu.

"Malam, ka ga Yaya? Wayarsa a kashe, ƙofa a kulle."

"Kwana biyu ban lura ba," in ji mai guga.

Kafin a ce me, matakala ta cika. Aka kira kafinta. Mai guga na tsaye a mataki na huɗu, hannunsa cikin aljihu, makullin ya jiƙe da gumi a tafinsa. Sau bakwai kafinta ya daki ƙofar kafin ta ɓalle. Mai guga duk ya ƙirga.

A gindin taga aka same shi, kwance a gefe guda, kofin shayi a fashe kusa da kansa. Hannunsa na dama na damƙe da bakin labulen, sai da aka ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Wata nas da ke zaune a layin ta durƙusa ta taɓa wuyansa, ta duba leɓɓansa da suka tsattsage.

"Jikinsa bai gama sanyi ba," ta ce. "Da safen nan ya cika. Faɗuwar dai ta kwana biyu, ɓarin jikinsa ne ya shanye. Da an kai shi asibiti tun ranar..." Ta dubi ƙanwar, ta haɗiye sauran.

Da aka dawo daga binne shi, aka zauna a ƙofar gida. Tela ya gyara zama ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma ya ga bambanci. Da a can ne, sai ya yi wata biyar ba wanda ya sani. Mu nan ko wari bai fara ba muka ɓalle ƙofa."

Aka gyaɗa kai, aka ce wannan gaskiya ne.

Bayan kwana huɗu ƙanwar ta shigo shago da ƙunshi. Idanunta sun kumbura.

"Malam, labulen nan za ka wanke mini, zan ba masu hayar da za su shiga. Rigar kuma ka riƙe, ko da ɗan tabonta za ta yi maka." Ta share hanci da bakin mayafi. "Kullum in na ce ya dawo wurina sai ya ƙi. Ya ce in kwantar da hankalina, yana da ƙane a tsallaken titi."

"Allah ya ba mu haƙuri," in ji mai guga.

Da yamma labulen ya bushe. Ya shimfiɗa shi a tebur, ya bi shi da dutse daga sama har ƙasa, ya kwanta sumul. Sai bakin nan, daidai faɗin tafin hannu, inda zaren ya ja ya tattare. Ya yayyafa ruwa ya danna, tururi ya tashi. Ya ɗaga dutsen, tattarar na nan.

A tsallaken titi tagar na buɗe, ba komai a jikinta sai sanda da zobe biyu. Ya sake tsoma yatsunsa a kwanon ruwa.