Abokan Baba na Ranar Alhamis

Mun binne Baba a farkon watan Mayu, bayan ƙanƙara ta saki ƙasa ta yarda a haƙa ta. Toivo Kangas sunansa. Ya yi shekara talatin da ɗaya a ramin haƙar tama da ke bayan garinmu, a arewacin Minnesota, ya yi ritaya, Mama ta rasu, ya ci gaba da zama shi kaɗai a gidan da na tashi. Mutum ne da magana ke yi wa wuya. In na kira shi a waya zai ce lafiya lau, ya ce ana sanyi, ya ce sai an jima. Shekarata arba'in da shida, kuma ba na iya tuna ranar da na ji dariyarsa.

Daga maƙabarta aka koma ɗakin ƙasa na coci, inda matan coci suka jera kofi da burodi da kwanukan dankali da nama. Ina tsaye ina karɓar gaisuwa sai na ji dariya daga teburin ƙurya, irin wadda ake ƙoƙarin dannewa tana ƙin dannuwa. Mutum uku ne, ban san ko ɗaya ba: wata mata mai jiki da sanda a hannu, wani dogon tsoho siriri da ya kifa fuskarsa a kan hannayensa kafaɗunsa na rawa, da wani magidanci mai baƙin mai a ƙarƙashin farce. Na ajiye kofina na nufe su, raina a ɓace.

Matar ta riga ni magana. Ta ce ni ce Noreen, ba sai an faɗa ba, na ɗauko haɓar Baba. Ta ce sunanta Wanda, tsohon Leland ne, ɗayan kuma Curtis. Ta ba ni haƙuri, ta ce tun a coci suke fama, tun da fasto ya ce marigayin mutum ne mai ƙarancin magana.

Na ce ina ganin sun yi kuskuren jana'iza.

"Toivo dai, ko? Mai guntun yatsa a hagu?" in ji Wanda. "Yarinya, zauna. Shekara goma sha ɗaya muna neman yadda za mu rufe masa baki, ba mu samu ba."

Na zauna. Wanda ta ce kowace Alhamis da ƙarfe goma na safe suna haɗuwa a wani ɗaki da ke bayan laburare, su mutum goma sha wani abu, dukansu masu ciwon damuwa. Ta faɗi sunan ciwon kai tsaye, kamar mai cewa mura. Ta ce Baba ya fara zuwa wata huɗu bayan rasuwar Mama, likita ne ya turo shi, kuma wata biyu na farko bai ce uffan ba. Ranar da ya buɗe baki, dariya ta sa Curtis ya shaƙe da kofi har sai da aka bubbuga masa baya.

Ni abin da na sani shi ne ranar Alhamis Baba yana zuwa kantin kayan gini. Ban taɓa tambayar kaina abin da mutum ɗaya ke yi da ƙusa kowane mako ba.

Suka yi ta ba ni labarin wani mutum da ban sani ba. Wai ya sa wa ciwon suna Wilbur, yana maganarsa kamar wani ɗan'uwa marar kunya da ke sauka ba sallama. Zai shigo ya ce Wilbur ya zo, kuma da akwati biyu ya zo wannan karon. Wai yana kwaikwayon likitansa, yadda yake gyara tabarau ya ce a auna masa damuwar daga ɗaya zuwa goma, shi kuma ya tambaye shi in ya ce goma me zai ci. Shi ya ƙirƙiro gasar wanda ya fi daɗewa bai yi wanka ba, mai nasara a ba shi gwangwanin kifi da sabulu, a tafa masa, sannan a kora shi gida ya yi amfani da sabulun. Leland ya ɗago, idanunsa jajur, ya ce sau huɗu yana cinyewa. Ya ce kullum ƙarfe takwas Baba zai kira shi ya tambaye shi ko ya tashi, in ya ce ya tashi, sai ya tambaye shi ko ya sa wando, kuma ba ya ajiye wayar sai ya ji ƙarar ƙarfen bel ɗin wandon.

Ina jin su, ina kallon hoton Baba da muka jingina kusa da furanni, fuska a ɗaure kamar an tilasta masa tsayawa. Akwai abin da ba su sani ba, ko na ɗauka ba su sani ba. Shekara tara ke nan ina shan maganin wannan ciwon. A wani gari nake saye, tafiyar minti arba'in, don kada wanda ya san ni ya gani. Lokacin sanyin da mijina ya tafi na yi mako shida a kwance, labule a sauke, na ce wa gidan waya inda nake aiki ciwon baya ne. Baba ma haka na gaya masa. Duk dusar ƙanƙarar da ta sauka a makonnin nan, sai in leƙa in ga an kwashe ta daga ƙofata har bakin titi. Na ɗauka maƙwabcina ne. Da na miƙe har kek na toya na kai masa, ya karɓa ya yi godiya bai musa ba.

Wanda ta dube ni kamar ta karanta abin da ke raina, ta ce kek ɗin da na kai wa maƙwabcina ya yi wa Baba ciwo ƙwarai. Ta ce mako uku yana mita, wai shi da kwasar ƙanƙara, wani da cin kek.

Na tambaye ta me ya gaya musu a kaina.

Ta ce ya zo wata Alhamis, babu wasa a fuskarsa, ya ce Wilbur ya gano gidan 'yarsa. Ya ce ya gane daga labulen. Tun daga ranar suke matsa masa ya yi min magana. Har gwaji suka riƙa sa shi yi: Wanda ta zama ni, shi ya ƙwanƙwasa tebur kamar ƙofa, ya shigo ya faɗi abin da zai faɗa. Ta ce a ɗakin yana yi tsaf, har ya sa mutane kuka. Sau ɗaya ya ɗaure ya zo gidana da niyyar faɗa.

Na tuna ranar. Ya zauna a kicin ɗina da hularsa a gwiwa, ya sha kofi biyu, ya daɗe yana kallon firji. Daga ƙarshe ya ce tayar motata ta baya tana buƙatar iska, ya tashi ya tafi.

Abin da ya taso min ba kuka ba ne, fushi ne. Na ce musu ashe su ya ba dariyar, mu ya bar mana shirun. Na ce shekara tara ina ɓoye kwalbar magani a gwangwanin shayi don kada ubana ya raina ni, alhali kwalba irin tawa tana gidansa. Muryata ta ɗaga har matan da ke wanke kofuna suka tsaya. Na haye sama na fita wajen ajiye motoci.

Leland ne ya biyo ni, a hankali, yana dafa bango. Bai ba ni haƙuri ba, bai kuma kare Baba ba.

"Gaskiyarki," ya ce. "Mu ma mun gaya masa. Ya ce mu ba 'ya'yansa ba ne, in ya ba mu kunya ba komai. Ke ce yake tsoro." Ya gyara wuyan rigarsa. "Kwana tara ke nan ba wanda ya tambaye ni wando. Yau da kaina na tuna."

Na dubi ƙafafunsa. Wandon kwat ne, amma takalman ƙafa ɗaya baƙi, ɗaya ruwan ƙasa. Ya bi idona ya gani, ya ce to, ba a samun komai duka rana ɗaya.

Ban je taronsu Alhamis ɗin nan ba, ban je ta gaba ba. Na kwashe kayan gidan Baba, na sami kwalaben a aljihun teburin da yake ajiye batura, na koma gida na kwanta. Kwana goma sha ɗaya na yi. Wanda ta kira sau uku ban ɗauka ba. A na huɗu ta bar saƙo cewa ba ta da lafiyar ƙafar hawa matakalata, don haka in taimaka kada in sa ta zo.

Alhamis ta farko a watan Yuni na yi wanka na tafi. Na zauna a mota minti ashirin kafin in shiga. Ɗakin ƙarami ne, kujerun roba a zagaye, tukunyar kofi a kan kwalin littattafai. Na tura ƙofa, kuma mutumin da na fara haɗa ido da shi Mista Dufresne ne, shugabana a gidan waya, wanda na shekara tara ina yi wa ƙaryar ciwon baya. Yana riƙe da kofi, ya tsaya da shi a rabin hanya. Kunnuwansa suka yi ja. Ni kuma hannuna na kan ƙofa, na kasa shiga na kasa fita.

Shi ya fara motsi. Ya ja kujerar da ke kusa da shi da ƙafa.

"Yaya bayan?" ya ce.

Na ce da sauƙi. Na tambaye shi yaya haƙorin da yake zuwa gani wurin likita kowace Alhamis.

"Yana nan yana fama," ya ce. "In kika faɗa a ofis, aikin Asabar naki ne har ki yi ritaya."

Wani sauti ya fito daga maƙogwarona, mai kama da tari, sai daga baya na gane dariya ce. Na zauna. Ranar ban ce komai ba bayan sunana, ba wanda kuma ya nemi ƙari.

Ina zuwa har yanzu, ban da makonnin da ba na iya tashi, su ma suna nan ba su daina zuwa ba. Na dawo da sayen maganina kantin da ke kan titinmu. Baba kuwa, wata rana in yafe masa, wata rana in tashi da fushinsa sabo, kuma duk wanda ya zo a cikin biyun, ranar Alhamis nake kai shi ɗakin in faɗa.