Makullin Rijiya a Wuyan Sarkin Ruwa

A shekarar da aka karɓi mulkin kai, damina ta sake samun Lauwali kwance, kurkunu ya fito masa a idon sawu. Matarsa Dela ce ke naɗe tsutsar a tsinke kowace safiya, tana yi tana haɗiye kuka. Bara ma haka aka yi, gonarsu ta bakin fadama ta koma ciyawa. Maigarin Tungar Atiku kuwa ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in damina mai zuwa ta tarar da gonar ba shuka, zai ba wani. Haka dokar garin take tun kakanni.

Abin haushin shi ne magani na nan tsakiyar gari, an rufe shi da kwaɗo. Wata ƙungiyar taimako daga ƙasashen waje ta haƙa musu rijiya da bazara, ta ɗaure ta da siminti, ta yi mata murfin ƙarfe. Duba-garin da ya rako su daga Bagudo ya yi bayani har muryarsa ta dushe: kurkunu a ruwan tabki ake shan sa, kuma abin da aka sha bana shi ke fitowa baɗi. Ranar buɗewa Baturen ƙungiyar ya ce a zaɓi wanda zai riƙa kula da ruwan. Tafinta ya juya ya ce wa jama'a, "Ya ce a ba sarkin ruwa makulli."

To, a bakin Kwara ba a tambayar wane ne Sarkin Ruwa. Na'Allah ne, shugaban masunta, mai jirage da taruna. Ya taso da babbar rigarsa ya karɓi makulli, ya rataya a wuya tare da layunsa. Da ruwa ya kawo, sai ya bi kifi zuwa iyakar Dahome kamar yadda ya saba, makulli na lilo a ƙirjinsa.

Mata suka koma tabki, masu kurkunu na shiga har gwiwa suna ɗiba. Maza suka taru gindin tsamiya suka yi ta shawara, aka watse a kan cewa fasa kwaɗon Sarkin Ruwa ba ƙaramin abu ba ne, kowa na da ɗa mai shiga jirgi. Dela tana tace ruwa da kallabi, tana tafasawa, amma har yaushe? Itace ya jiƙe, Lauwali kuma in ƙishi ya kama shi ba ya jiran tukunya ta huce.

Ran kasuwar Kaoje ta ɗaura zane, ta shiga jirgin masu kai gishiri, ba ta sauka ba sai tungar masunta da ke kan iyaka, inda Dendanci ya fi Hausa yawa. Ta tarar da Na'Allah cikin hayaƙin banda. Ta durƙusa.

"Baba Sarki, ina wuni?"

"Ɗiyata, mi ya kawo ki nan?"

"Ƙishirwa, Baba. Ruwanka muka so, ka taho da ƙohwa tai a wuya."

Ya shafa makullin, fuska ta ɗaure. "Gaban jama'a anka ba ni shi. So kike a ce an tuɓe ni?"

Ta san in ya ji ƙanshin raini zancen ya mutu. Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Wa za shi tuɓe ka? Amma Baba, jiragenka duka kai ka tuƙa su?"

"Ina da yara mana."

"To rijiya ma jirginka ta. Ba ta da matuƙi."

Na'Allah ya fashe da dariya har da tari. "Ke wagga ɗiya, bakinki ya hi ƙugiya!" Ya kira masunta su shaida, ya cire makullin daga cikin layu, ya rataya mata. "Daga yau ke ta Magajiyar Rijiya. Wanda ya taɓa ki, ni ya taɓa."

Ta dawo da sarauta a wuya, ta kuwa riƙe ta da zafi. Guga ɗaya tak aka rataya, ba mai zura nasa. Wanki can nesa. Matan Fulani suka nemi kwamin shayar da shanu, aka gina musu a gangare, Jummai, ɗaya daga cikinsu, ta zama mai tsaronsa. Matan Dendi da ke ƙetarowa daga Dahome aka ba su lokacin hantsi su ɗibi ruwa, su kuma suka ɗauki sayen igiya. An yi tsegumi, an ce ƙasa ta samu mulkin kai, Dela ta samu mulkin guga. Ta ji, ta ce a ƙara da na tabki, don duk wadda ta gani ta nufi can da tulu sai ta bi ta da faɗa har gida.

Damina ta zagayo. Kowace safiya Dela na kama ƙafar Lauwali ta duba, ta juya ta, ta sake dubawa, har ya fara ce mata ko saye za ta yi. Ba ƙurji, ba kumburi. Ya yi shuka, ya yi noman fari, ya yi maimai.

Ranar da Maigari ya zo duba gonar, gero ya kai ƙugu. Dela na tsaye da ƙwaryar fura a ka, sai ga akuyar wani ta kutsa cikin geron. Lauwali ya yar da fartanya ya bi ta a guje, yana tsallake kunya-kunya, yana zaginta da uwar da ta haife ta. Dela ta manta da Maigari, ta manta da fura. Rabon da ta ga mijinta yana gudu tun suna amare. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, hawaye na zuba, har matan da ke bakin rijiya suka ji suka amsa.