Sai Inji Ya Zauna

Tun da suka bar Alice Springs Merv ke bin bayan wata motar shanu mai jan tirela uku, warin kashi yana shigo musu ta ko'ina. Matarsa Noelene ta toshe hanci da hankici.

"Haba Merv! Mota ja wur, sabuwa dal, amma mu ƙare a gindin shanu? Ka wuce shi mana."

"Inji bai zauna ba tukuna," in ji shi. "Ki bar ni ina tuƙi."

Ta yi tsaki ta juya kai wajen taga. Wannan "ki bar ni ina tuƙi" tun suna amarci take jin ta, har ta daina yi mata zafi.

Merv a tuƙin irin waccan tirelar ya ƙare ƙuruciyarsa, Darwin zuwa Adelaide, yana kallon ƙananan motocin tsere suna wuce shi fiu, yana cewa wata rana sai labari. Da ya ajiye aiki kuwa ya sayi tasa, mai kujera biyu, ƙasa-ƙasa da ita. Ranar da ta iso ya kafa doka: sai ta ci kilomita dubu ɗaya da ɗari biyar ana lallaɓa ta. Ba a take totur har ƙasa, ba a barin allurar juyin inji ta haura huɗu, ba a kuma daɗewa a gudu ɗaya. A hau, a sauka, har ringin cikin inji ya zauna.

Dokar ba ƙarya ba ce, haka ya koya tun yana saurayi. Sai dai akwai abin da ke ƙarƙashinta. Tun kafin motar ta iso wani tabo ya fito masa a tsakiyar gani, kamar maiƙo a gilashi. Gefe-gefe yana gani sarai, abin da ya kalla kai tsaye ne ke narkewa. Likitar ido ta ce ya ajiye tuƙi, ya ce to, ya fito ya shiga mota abinsa. Noelene bai gaya mata ba. Wuce tirela uku sai mutum ya hango titi can nesa, shi kuwa nesa ta daina zuwa masa. Bayan shanu akwai kwanciyar hankali, abu ne babba, ba ya ɓacewa. Tsoronsa ɗaya, ranar da mitar ƙirga kilomita za ta cika adadin nan, don daga ranar ba shi da sauran abin fakewa. Ga shi tafiyar yau, zuwa wajen 'yarsu a Tennant Creek, ita za ta cika ta.

Da rana ta take suka tsaya shan mai wurin Dougal, tsohon abokin tuƙinsa da ya buɗe gidan mai da ɗan shago a bakin hanya. Dougal ya fito yana goge hannu, ya zagaya motar yana fito.

"Kai, kai, kai! Tsohon banza, wa ya ba ka aron wannan? Gudu nawa ka taɓa yi da ita?"

"Horar da ita nake."

"Horo? Wannan ai zamanin kakanninmu ne, mutumina. Injin yanzu a hore yake fitowa daga masana'anta. Wasu ma cewa suke ka ba shi wuta tun ranar farko, ringi ya fi zama."

"Shi ya sa duk motar da ka riƙe take hayaƙi kamar an cinna wa bola wuta," in ji Merv. "Littafinta ma cewa ya yi a lallaɓa. Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba! To saura nawa horon ya ƙare? Bari in gani."

Dougal ya sunkuyo zai leƙa mita. Kafin Merv ya ce uffan, Noelene ta cire faffaɗar hularta ta ajiye a kan sitiyari, ta rufe allon ruf.

"Da saura," ta ce. "Kai dai kawo mana shayi da burodin naman nan naka, in ba na shekaranjiya ba ne."

Suka sha shayi a inuwa suna korar ƙuda, ana ta tsiya da dariya. Merv ya ji daɗin zaman nan ƙwarai, har ya manta da idonsa.

Ba su yi nisa da komawa hanya ba suka sake cim ma motar shanun, ashe direbanta ma ya tsaya duba dabbobinsa. Titi ya miƙe sambal, jar ƙasa hagu da dama. Merv ya rage gudu ya laɓe a bayanta kamar ɗazu.

"Duba mini mita, tsohuwa. Ina kallon hanya."

Haka yake yi kullum, ita kuma takan karanta masa. Yau sai ta ƙi ko kallon allon.

"Noelene?"

"Duba da kanka."

Ya sauke ido kan allon. Lambobin suna nan, ya san inda suke, amma tabon ya zauna a kansu daram. Ya karkata kai, suka gudu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ta cika tun kafin mu isa wurin Dougal," ta ce a hankali. "Na bari ne ka sha shayinka a gabansa da mutuncinka. Merv, wa kake tsammani yake goge tebur kullum in ka zuba shayi a gefen kofi?"

Kunya ta kama shi, sai kuma baƙin ciki. Wata dabara ta zo masa: ya leƙa dama, hannun da ake wucewa a ƙasar, ya take totur sau ɗaya tak, ko da shi ke nan a rayuwarsa. Ƙafarsa har ta fara nauyi. Ya leƙa, ya ga fari fat, ba sama ba ƙasa, ya kuma tuna ba shi kaɗai ne a motar ba. Ya kunna sigina ya gangara gefen titi.

Suka zauna inji yana ɗan gurnani. Ya fito ya zagayo, ita ma ta fito. Da suka haɗu a gaban motar ta dafa hannunsa. Ta shiga mazaunin direba ta jawo kujera gaba, ta gyara madubi.

"A canza mata baƙin mai in mun koma," in ji shi.

"Za a canza."

Ba a jima ba ta cim ma shanun. Ta leƙa dama, ta daɗe tana kallo.

"Ba kowa har ƙarshen duniya."

"To sauko giya biyu. Ki take har ƙasa, kada ki tausaya mata."

Ta take. Motar ta yi wani kuka da bai taɓa ji daga bakinta ba, kujera ta manne masa a baya. Tirela ta farko ta wuce ta gefensa, ta biyu, ta uku. Ya lumshe ido, wannan aikin kunne ya ishe shi. Sauti ne tas, ba gargada, ba ko ɗigon tari. Hawaye suka gangaro masa, bai share ba.

"Kina jin ta? Ni na hore ta, Noelene. Yanzu ki sa ta biyar, kada allura ta..."

"Merv," ta ce, tana murmushi, idonta a kan titi. "Ka bar ni ina tuƙi."