Inuwar Kwakwa Ta Ƙetare

Haimanti Bagchi ta sake leƙawa ta tagar baranda, karo na nawa ita ma ba ta sani ba. Saura taku ɗaya inuwar bishiyar kwakwa ta taɓa magudanar ruwan da ta ratsa tsakar makarantar.

"Didi, za ki cinye tagar nan da ido," in ji Gobardhan, tsohon makaɗin gangunan tabla da zai raka ta da kiɗa. Didi yake kiranta, wato yaya. Yana kan benci yana tauna ganyen pan, goron ƙasar, bakin nan ja wur. "Zauna mana. Farfesa ya iso, ga su can suna shan shayi."

"Ƙarfe goma aka ce mini."

"Goman Kolkata aka ce miki."

Ba ta yi dariya ba. Malamin sitar, molon ƙasar mai dogon wuya, guda ɗaya tak makarantar kiɗan ke nema. Ɗakin da malaminta, Guruji Nilratan, ya yi shekara talatin yana koyarwa a ciki, yau shekara biyu yana kulle tun rasuwarsa. Cikin duk waɗanda suka zauna gabansa, ita kaɗai ta rage mai kiɗa irin nasa, kiɗan dā mai tafiya a hankali, inda ake jan tsirkiya ɗaya a fitar da sauti biyar kafin a sake ta. Shekarunta hamsin da shida, baɗi doka ba za ta bar ta ta nemi aikin ba. Ɗalibai arba'in na jiran wanda za a ɗauka. In ba ita ba ce, to salon hannun Guruji ya bi shi kabari ke nan.

Tun da sassafe ta saita sitar ɗinta a kan Todi, ragar hantsi, wato salon kiɗan da ake yi da hantsi. Kowace raga da lokacinta, wannan ko mai sayar da shayin bakin ƙofa ya sani. Abin da mutane suka manta shi ne wa ke faɗin lokacin. Ƙasar duka agogo ɗaya take bi, alhali rana na riga agogon isowa Kolkata. Guruji bai taɓa ɗaura agogo ba. Yakan nuna magudanar nan da haɓa ya ce, "Inuwa na ƙetarewa, safiya ta tafi gida. Kada ki kira ta, ba za ta amsa ba."

A ƙarshen barandar Pinaki Maitra ne zaune, ɗayan mai neman aikin. Bai wuce talatin da biyar ba, ya zaga ƙasashe, hannunsa da gudu kamar ana korarsa. Ya jingina wayarsa a gwiwa, ita ke gaya masa ko tsirkiya ta zauna daidai. Shi ma Todi ya shirya. Haimanti ta kau da kai, haushin wayar nan ya fi na mai ita.

Sha ɗaya da minti ashirin da biyar sakatariya ta leƙo. "Malama Bagchi."

Haimanti ta dubi taga. Inuwar ta ƙetare.

Alƙalai uku ne a bayan dogon tebur, Farfesa Chakladar a tsakiya yana kakkaɓe ɓurɓushin singara, soyayyen abin shan shayi, daga rigarsa. Gaban sakatariya akwai 'yar ƙararrawa. Minti ashirin ake ba kowa, ba ƙari. Haimanti ta tuɓe takalma, ta zauna, ta ɗora duman sitar a kan tafin ƙafarta ta hagu. Ta sa zoben ƙarfen da ake kiɗa da shi a yatsa. Ta kai hannu kan tsirkiya, hannun ya ƙi.

Agogon bango ya ce safiya ce. Babu wanda zai zarge ta, babu ma wanda zai sani.

"Ranka ya daɗe, ina neman izini in sauya raga."

Farfesa ya duba takarda. "An rubuta Todi."

"Lokacinta ya wuce. Sarang zan yi, ta tsakar rana."

"Malama, sha ɗaya da rabi bai yi ba."

"A agogo, ranka ya daɗe. Rana ta juya."

Alƙaliyar da ke hagu ta danne murmushi da bakin alƙalami. Gobardhan ya sunkuyo kamar mai gyara tabla, ya ce ƙasa-ƙasa, "Haba Didi! Guruji na sama, aikin na ƙasa. Kaɗa abin da kika ɗaura!"

"Ga fili," in ji Farfesa. "Amma lokacinki ya fara tafiya."

Sauya raga a sitar ba sauya riga ba ne. Ƙarƙashin manyan tsirkiyoyi akwai ƙanana goma sha ɗaya da ba a kaɗa su, su ke amsawa da kansu in an taɓa sautin da ya dace da su. Kowace da ɗan turkenta na katako a jikin wuyan sitar, kowace sai an murɗa an saurara. Haimanti ta fara matsar da ƙarafa biyu na wuyan sitar, sannan ta kama turke na farko. Murɗa, taɓa da farce, saurara. Na biyu. Na uku.

Na huɗu ya zame. Ta mayar, ya sake zamewa. Gumi ya gangaro mata ta bayan kunne. Ta laluba jaka ta ciro guntun alli, ta sassauta turken, ta goga masa, ta danna shi ciki. Wani ya yi tari. Sakatariya ta juya agogon hannunta. Minti bakwai.

Tsoro take ji, ba kaɗan ba. Ta san tana zubar da aikin nan da hannunta, turke bayan turke, amma kunnenta ya ƙi yarda ta tsallake ko ɗaya. Tsirkiya ta tara ta yi ƙara kamar za ta tsinke, Haimanti ta tsaya cak, ta saki numfashi, ta lallaɓa ta. Sai a minti na goma sha biyu ta ja farcen ƙaramin yatsa a kan goma sha ɗayan gaba ɗaya.

Sautin ya zubo ya cika ɗakin, ya daɗe bai mutu ba. Alƙaliyar hagu ta ajiye alƙalami.

Haimanti ta fara, kuma ba ta yi sauri ba, don ba ta iya ba. Ta ja babbar tsirkiya a hankali, ƙananan na amsawa daga ƙasa. Ba ta kai rabin shimfiɗar ragar ba, Gobardhan ya ɗaga hannu ke nan zai shigo, ƙararrawa ta kaɗa.

"Mun gode," in ji Farfesa. "Za ki ji daga gare mu. A ba mu minti goma."

A baranda Gobardhan ya tofar da jan yawu ta taga. "Shekara arba'in ina kiɗa, yau ne aka kawo ni in zauna kallo! Kin kyauta." Sai ya dubi agogonsa, fuskarsa ta sake. "Tsaya. Sha biyu saura goma. Wancan sai sha biyu zai shiga, kuma Todi ya ɗaura. Wannan karon agogon Farfesa da kansa zai kama shi. Didi, ba ki faɗi ba tukuna!"

Pinaki ma ya yi wannan lissafin. Yana durƙushe kan sitar ɗinsa yana murɗa turaku da gaggawa don sauya raga, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya ja farce a kan ƙananan tsirkiyoyin. Suka yi ƙara, suka mutu nan take. Ya ɗago.

"Didi, na ji naki ta ƙofa. Wayar ta ce kowace daidai take. Me ya sa nawa ba sa amsawa?"

Gobardhan ya ja gefen sarinta. "Mu tafi. Wayarsa ta koya masa."

Ta tsaya da sitar a rungume. In ta wuce, zai shiga da kayan kiɗa kurma, ko da ragar da lokacinta ya wuce. In ta tsaya, hannun nan mai gudu zai samu minti ashirin cif, shi za a ba mabuɗin ɗakin Guruji da ɗaliban nan arba'in. Ta san haka sarai, kuma ya yi mata ciwo.

Ta miƙa wa Gobardhan sitar ɗinta, ta tattare sari, ta tsuguna gaban Pinaki.

"Kife wayar."

Ya kife ta.

"Kama na huɗu. A'a, ba ni zan murɗa ba, kai za ka murɗa. Sassauta kaɗan. Yanzu rufe ido ka saurara."