Tafintar Alhaji Gariba

…kuma duk masu jin Hausa a Bronx, sai ita aka kira. Ita Zuweira. Shekara shida tana aikin tafinta a asibitin nan, ta isar da albishir, ta isar da saƙon mutuwa, harshenta bai taɓa yin nauyi ba sai hantsin yau da ta ɗaga labule ta ga wanda ke kwance.

Alhaji Gariba, shugaban ƙungiyar 'yan Zongon Kumasi. Baki a karkace, yawu yana bin gemu, hannun dama ya zube gefen gado kamar ba nasa ba. Bakin nan fa… shi ne ya kira wa mijinta 'yan imigireshan, masu kama baƙin haure.

Likita tana magana da sauri. Matar Alhajin, Mma Hamdatu, ba ta jin Turanci, bakin Zuweira kawai take kallo. Gudan jini ne ya toshe babbar jijiya a ƙwaƙwalwa, lokacin allurar narkar da shi ya wuce. Za a zura siririn bututu ta jijiyar cinya har cikin kai. Hanya biyu ce — ko a kafa bakin bututun a jikin gudan a zuƙo shi, ko a cusa wata 'yar ragar ƙarfe ta ratsa shi, ta buɗe, ta cafke, a janyo. Za su fara da zuƙa, in ya ƙi sai raga. Sakamakonsu kusan ɗaya ne. Sa hannun matar kawai ake jira, kuma kowane minti wani yanki na ƙwaƙwalwar yana mutuwa.

Kowane minti, ko?

Kassim, mijinta, me ya yi? Ya miƙe ne a taro ya ce shugabanci ba gado ba ne, a yi zaɓe. Alhaji ya yi murmushi, yana jan carbi, ya ce wanda ba shi da takardar zama ya riƙa rage murya. Mako biyu — suka kama shi a gindin matakalar jirgin ƙasa mai lamba huɗu, a Morris Heights, da kwanon abincinsa a hannu. Kwanon ne kaɗai ya dawo gida.

Likita ta gama, tana jiran ta fassara. Idon Zuweira na kan hannun da ya zube.

Bara, a Kumasi inda aka mayar da shi, shi ma Kassim haka ya faɗi. Irin wannan ciwon, irin wannan hannun. Ina bututu? Ina raga? Kwana biyu kafin a samu ɗaukar hoton kansa. Yanzu yana ɗakin tsohuwarsa, ƙanwarsa ce ke riƙe masa waya, ya kalli Zuweira ta cikin gilashi yana kokawa da sunanta… Zu… Zu… sai hawaye. Da yana nan fa? Da a kan wannan gadon za a kwantar da shi, wannan likitar, wannan takardar.

Kalma ɗaya ta isa. In ta ce wa Mma Hamdatu aikin yana da hatsari, a jira 'ya'ya su iso daga Soundview, shi ke nan. Ba ma ƙarya ba ce, hatsarin akwai shi. Awa ɗaya cikin cunkoson mota. Wa zai sani? Ya kwanta shi ma, a riƙa juya shi kamar waina, ya nemi sunan matarsa ya rasa…

Hannun Mma Hamdatu mai sanyi ya kama wuyan hannunta.

"Ɗiyata, na san abin da ya yi muku. Ki dai faɗa mini me take cewa."

Ta sani. Ashe ta sani — shekara huɗu tana gaishe ta a masallaci, tana tambayar lafiyar yara.

Bakin Zuweira ya buɗe, ba da shawararta ba. Gudan jini, Mma. Bututu. Zuƙa, in ya ƙi, raga. Ki sa hannu a nan, yanzu. Tana jin muryarta tana fita tsaf, ko kalma ba ta rage ba, tana tsanar muryar. Minti nawa ta yi shiru? Ɗaya? Biyu? Me ya mutu a cikinsu?

An tura gadon. Tana zaune a benci tana roƙon Allah zuƙar ta ƙi. A sa masa ƙarfen. Ya ji ana jan wani abu daga cikin kansa da ƙarfi, yadda aka ja… astagfirullah. To, amma ya ji.

Zuƙar ta ƙi kuwa, sau biyu. Raga ce ta kamo shi. Likita ta nuna musu hoton a waya: wani baƙin abu a kan auduga, bai kai ƙwayar wake ba. Wannan ne? Wannan ɗan abin ne ya kwantar da Kassim?

Bayan la'asar an sake kiranta ciki, ana so a gwada maganarsa. Ta ce ya ɗaga hannun dama. Ya ɗaga, yana rawa, amma ya ɗaga. Likita ta ce ta tambaye shi ko ya san wadda ke tsaye a gabansa.

Ya daɗe yana kallonta.

"Matar… Kassim."

Likita tana tambaya me ya ce, ya faɗi daidai? Biro a hannu, tana jira. Daidai ne. Ta san yadda ake cewa daidai ne da Turanci, ta faɗe shi sau dubu a ɗakin nan… bari ta ɗan jingina da bango tukuna.