Talatar Gunvor

"Torbjörn, wane ɓarawon ne ya ci min ranar wanki?"

Gunvor ce, maƙwabciyata, tsaye da kwando a ɗakin wankin benenmu. Kowane gida yana da ɗan kwaɗon da yake maƙalawa a allo ya kama ranar wankinsa. Nata yana nan a Talata, inda yake shekara ashirin. Ranar kuwa Alhamis ce.

Na ce, "Ni ne." Ko matata da ta tafi za ta shaida na iya amsa laifin da ban yi ba.

"Ƙarya kake, ɗan samari." Ta zauna a benci. "Abin ya fara."

Ita ta san abin. Shekara talatin ta yi a jami'a tana auna sinadaran hormon da ƙwaƙwalwar ɓera ke haɗawa da kanta, tana neman ko raguwarsu na da hannu a ciwon mantuwa.

"Alhakin ɓeraye ne," in ji ta. "'Yata Ylva ta ce ranar da na kasa riƙe wankina, sai gidan tsofaffi. Duk zuwanta sai ta leƙa allon nan."

Ta miƙo min makullin kwaɗon.

Shekara biyu ina kama mata Talata, ina wanki, ina ninki. Sunana ya ɓace mata, a wurinta na koma ɓeran gwaji na sha huɗu.

"An yi maka allurar yau?"

"An yi."

"Da sauƙi?"

"Kamar jiya."

"To kana cikin waɗanda muka ba ruwa zalla maimakon magani. Yi haƙuri."

A duk makon, ita kaɗai ke tambayar lafiyata.

Ta rasu wata Litinin cikin Fabrairu, a kujerarta ta bakin taga, a gidanta. Da Ylva ta zo kwashe kaya, na riƙe mata ƙofa.

"Har ƙarshe ba ta saki Talatarta ba," ta ce.

"Ko sau ɗaya."

Ta ɗaga wani tawul, ta jujjuya shi. "Sai dai Mama ba ta taɓa mugun ninki irin wannan ba. Sannu da ƙoƙari, Torbjörn."

Ba ta karɓi makullin ba. Ran Talata na sauka ɗakin wankin ba ko kwando. Injinan wankin uku suna tsaye, bakinsu a buɗe, na zauna a benci har lokacinta ya cika.